Abin da Na Goge a Aikin Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Yayana, babban gidanmu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya lau gwargwadon hali. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har ta fara zagaya gida tana neman wanda za ta yi wa faɗa, ka kuwa san in ta fara faɗa to lafiya ta samu. Tabarau ɗin da ka aiko ya yi mata daidai, sai dai tun da ta sa shi take ganin duk lungun da ba a share ba, don haka 'yan gida ba su gode maka ba. Maigidana yana gaishe ka. 'Yar Baba ta wuce aji na gaba, haƙoran gabanta sun zube, yanzu ko an roƙe ta ba ta dariya a hoto.

Yaya, ka sha tambayata a waya yadda nake ciki da aiki, ni kuma kullum sai in ce alhamdulillahi in sauya magana. Ba ɓoye maka nake yi ba. In na ɗauko zancen da baki ne ba na iya kai shi ƙarshe, ga layinka da ke yankewa daidai inda mutum ya fara samun ƙarfin magana. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka yi haƙuri da tsawonta, ka kuma yi haƙuri da zancen kwamfuta, na san kai da ita sai gaisuwa daga nesa.

Ba ka taɓa ganin yadda muke aiki ni da Auta ba, sai labari. Ofishin namu ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai ɗinkin labule, ƙarar kekensa ce ke gaya mana gari ya waye sosai. Tebur ɗaya ne, kwamfuta ɗaya, kujeru biyu. Ɗaya yana rubuta manhajar da aka ba mu aikinta, ɗayan yana gefe yana karanta kowane layi yayin da ake rubuta shi, yana tsayar da mai rubutu in ya ga zai kauce. In an jima sai a yi musaya. Haka muka saba tun ranar da muka buɗe wurin, kuma mai labule ya daɗe yana zaton rabon gado muke yi a sama saboda hayaniya. Auta yana ce mini Hajiya A-Sake-Dubawa, ni ina ce masa Gaggawa. Ban taɓa kawo shawara ya karɓa a karon farko ba. Ko gaskiyata ce ƙiri-ƙiri sai ya fara cewa a'a, ya ja gemun nan nasa da bai gama fitowa ba, sannan daga baya ya yi abin da na ce kamar shi ya ƙirƙiro. A lokacin haushi yake ba ni matuƙa.

Cikin duk ayyukan da muka yi wa mutane, guda ɗaya ne ya rubuta shi kaɗai, wato manhajar da ke tsara wa masu wankin ƙoda zama a asibitin da yake zuwa. Ka tuna yadda yake dawowa a gajiye yana mita, wai mutum ya je tun safe a ce injinsa na hannun wani, ko a ce an manta da shi. Sai ya riƙa tafiya da kwamfutarsa, yana kishingiɗe a kujerar wankin, hannu ɗaya da allura, ɗayan yana rubutu. Da haka ya gina abin da ke gaya wa masu jinya wane ne zai zauna a wace kujera, wace rana, da ƙarfe nawa, da kuma wanda ke biye a jerin masu jiran gurbi. Ban zauna a gefensa ba a wannan aikin, don bai so in riƙa ganinsa a jikin injin. Bayan rasuwarsa manhajar ta ci gaba da aikinta ba tare da kowa ya taɓa ta ba, har watannin baya da asibitin ya aiko cewa za su sauya kwamfutocinsu gaba ɗaya, kuma tsohuwar ba za ta tashi a kan sababbin ba. Ko dai a sake rubuta ta, ko su koma takarda da biro, marasa lafiya su koma zaman jiran da ya sa shi fara aikin tun farko.

Na ce zan yi. Na buɗe rubutun, na zauna ina kallonsa, kujerar gefena babu kowa. Yaya, wallahi ban iya ba. Ba ilimin ne ya gagare ni ba, ni dai ban taɓa yin aiki shiru ba. Sai in rubuta layi in dakata ina jiran a ce mini a'a. Na yi makonni a haka, abin da na rubuta da safe in goge shi da rana. Wata abokiyar karatuna ce ta leƙo, ta ga halin da nake ciki, ta ce in gwada mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira da masu rubuta manhaja suke aiki da shi yanzu. Shi ma manhaja ce, amma kana rubuta masa magana kamar mutum, ya karanta aikinka, ya amsa, ya rubuta abin da ka sa shi. Na ce mata ba na so. Na ji kamar an ce in nemi wanda zai maye gurbin ƙanena. Ba ta ja da ni ba, ta dai saka mini shi a kwamfutar ta tafi abinta. Da Inna ta ji labari ta ce ita dai in riƙa yin bismilla kafin in yi magana da shi.

Ranar da na fara, da fushi na fara. Na tura masa manhajar dukanta na ce ya sabunta ta. Kafin in gyara zama ya zubo rubutu mai yawa, tsaf-tsaf, gwanin kyau, yana tabbatar mini komai ya kammala. Na kunna, abu ya ƙi tashi. Da na bincika sai na tarar a wuri guda ya kira wani aiki da babu shi a duniya, shi ya ƙaga sunan da kansa, ya rubuta shi ba ko kunya. Na nuna masa, nan take ya ce gaskiyata ce, ya ba da haƙuri. Don in gwada shi sai na gaya masa wani abu da na san ba daidai ba ne, shi ma ya ce akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ranar na sa masa suna Malam To. Na rufe kwamfutar na yi kuka, don abin da nake nema ke nan na rasa, wato wanda zai yi mini gardama.

Da na huce na gane ni ce ban iya zama da shi ba. Kai da kake harkar gini, ba za ka miƙa wa sabon lebura zanen gida duka ka ce ya gina ka tafi shan iska ba. Sai na koma ba shi aiki kaɗan-kaɗan. In ɗauko yanki ɗaya na rubutun Auta, in ce kada ya taɓa komai tukuna, ya fara bayyana mini abin da yankin yake yi. In na gamsu, mu rubuta gwaji tare, wato ƙaramin rubutu da zai yi ƙara in sabon ya saɓa wa tsohon. Sannan ne zai rubuta sabon, ni kuma in karanta layi-layi, ba na karɓar abin da ban fahimta ba. Na kuma koyi in gaya masa tun farko cewa kada ya yaba mini, ya nemo inda shawarata za ta karye. In an ce masa haka yana yi, kuma sau da yawa yakan kama abin da idona ya tsallake. Akwai ranar da ya hango cewa in aka ɗage wa mutum zama zuwa ranar da sashen ba ya aiki, sunansa zai ɓace daga jadawalin makon ɗungurungum. Shekaru kuskuren yana nan kwance, ni da Auta ba wanda ya gani. Na yi masa godiya kafin in tuna ba mutum ba ne.

Aiki ya miƙe, amma wani abu ya biyo baya da ban yi tsammani ba. Rubutun Auta kamar ɗakinsa yake, komai a warwatse amma shi ya san inda ya ajiye kowane abu. Sunayen da yake raɗa wa abubuwa ma na tsokana ne. Yankin da ke tura wa marasa lafiya saƙon tuni ya kira shi mai_naci, wanda ke hana a ba mutum biyu inji ɗaya ya kira shi alƙali. Malam To yakan ce cikin ladabi sunayen ba za su taimaki wanda zai gaji aikin ba, ya kawo wasu masu ma'ana, kuma gaskiyarsa ce. Duk yankin da muka gama, sai na Auta ya fita, namu ya shiga. Tsohon yana nan a ajiye, ban yar ba, amma rubutun da ba ya aiki kamar rigar mamaci ce a ninke cikin akwati. Kullum manhajar tana ƙara kyau da sauri, kullum kuma ƙanena yana raguwa a cikinta. Wasu ranakun da gangan nake jan aikin.

A haka muka zo yanki na ƙarshe, ɗan gajere ne, bai cika fuskar kwamfuta ba, kuma shi kaɗai ne Auta bai sa wa sunan wasa ba. Na ce wa mataimakin ya bayyana mini shi kamar yadda muka saba. Ya ce abin da yankin yake yi shi ne, in aka cire sunan mara lafiya saboda an sauya masa asibiti ko an yi masa dashen ƙoda, nan take ake ba na gaba a jeri kujerarsa. Amma in rasuwa ce dalilin, sai manhajar ta riƙe kujerar babu kowa har zama ɗaya ya wuce, sannan ta ba wani. Ya ce a lissafi wannan asara ce, inji yana zaune alhali akwai mai jira. Sai dai ya ƙara da cewa bai yi kama da kuskure ba, don an rubuta shi da kulawa, kuma shi ba zai iya sanin dalili daga rubutun ba, gara in tambayi wanda ya san wurin kafin a taɓa. Wannan ne karo na farko da ya tsaya da kansa ba tare da na tsayar da shi ba.

Washegari na je asibitin. Rabona da sashen tun ranar da muka je kwaso kayan Auta. Yana nan yadda yake, kujeru a jere a jikin bango, inji a gefen kowace, sanyin na'ura ya sa kowa ya lulluɓe har wuya, ga ƙarar nan ƙasa-ƙasa da ba ta tsayawa. Na samu Sista, shugabar masu jinyar sashen, na nuna mata. Ta ja ni ofishinta ta ba ni labari. Ta ce mutanen da ke zama ɗaya, rana ɗaya, shekara da shekaru, sukan zama kamar 'yan gida ɗaya, kowa ya san kujerar kowa. A layin Auta, wato waɗanda ake yi wa wankin lokaci ɗaya da shi, akwai wani dattijo da suke kira Baba Hedimasta, da abokinsa wani mai walda, kullum suna musun ƙwallo har sai an ce su rage murya. Mai waldan ya rasu a gida a ƙarshen mako. Da dattijon ya zo zamansa na gaba, ya shigo da zolayarsa a baki, sai ya tarar da baƙo a kujerar. Ta haka ya ji rasuwar. Sista ta ce har aka gama hawaye kawai ke bin kuncinsa, shi kuma baƙon sai sunkuyar da kai yake kamar ya yi sata. Auta yana kujera ta uku yana kallo. Bayan 'yan kwanaki ya same ta ya roƙi izinin ƙara wannan yankin a manhajar, ta ce masa ya yi, don a lokacin masu jira ba su da yawa.

Ta ce da Auta ya rasu, manhajarsa ta riƙe masa kujerarsa. 'Yan layinsa suka zo suka tarar da ita a gyare, babu kowa, ba wanda ya buƙaci a gaya masa. Baba Hedimasta ya roƙi a juya tasa kujerar ta fuskanci ta Auta, ya yi zamansa duka a haka. Yaya, mu muna gida muna karɓar gaisuwa, ba mu san ana yi masa wata a can ba.

Ina share hawaye Sista ta riƙe hannuna ta ce akwai maganar da ta daɗe tana jin nauyin yi mini. Yanzu jerin masu jira ya yi tsawo. Akwai waɗanda ƙafafunsu sun kumbura, numfashi yana yi musu wuya, suna zuwa kullum suna tambaya ko gurbi ya samu. Ta ce zama ɗaya ga irin waɗannan ba ƙaramin abu ba ne, wani shi ne tsakaninsa da kwanciyar gaggawa. Ita da bakinta ta ba da izinin, kuma ba ta taɓa iya tsallake shi da hannunta ba, amma tana roƙona in na zo wurin in cire.

Na koma ofis na zauna da Malam To muna neman hanya. Na ce ko a riƙe kujerar sai in babu mai jira. Ya duba bayanan da na ba shi ya ce a yadda jerin yake yanzu hakan daidai yake da cirewa, don ba a taɓa rasa mai jira. Na ce ko a kai sabon mara lafiyar zuwa wani layi, a matso da ɗaya daga cikin tsofaffin masu zuwa kujerar. Ya nuna mini hakan zai tayar da mutane da yawa daga ranakun da suka tsara rayuwarsu a kai, kuma duk da haka wani ne zai zauna a wurin. Abin da ya iya kawowa shi ne manhajar ta riƙa tuna wa masu jinya su sanar da 'yan layi tun a bakin ƙofa, kafin su shiga. Na karɓi wannan. Na matsa masa ya gaya mini ko in bar yankin yadda yake, ina fata ya ce to kamar yadda ya saba. Bai ce ba. Ya jera mini abin da za a samu da abin da za a rasa ta kowane ɓangare, ya ce hukuncin nawa ne da na masu sashen. Na ji haushinsa ranar fiye da ranar da ya yi mini ƙarya.

Ya tambaya ko ya cire. Na ce a'a, wannan ba aikinsa ba ne. Na jawo kibod ɗin gabana, na karanta layukan ɗaya bayan ɗaya, na ga inda Auta ya bar tazara biyu a maimakon ɗaya, irin abin da nake yi masa faɗa a kai. Na goge da hannuna. Na kunna gwaje-gwajen, duka suka wuce lafiya. A ƙasa mai labule yana ta ɗinkinsa. Daga wannan lokacin babu layi ko ɗaya da ƙanenmu ya rubuta shi kaɗai da ke aiki a ko'ina.

Sabuwar manhajar ta fara aiki, asibitin sun yaba. Makon jiya Sista ta kira ni ta ce Baba Hedimasta ya rasu. Shi ne mutum na farko da ya rasu a sashen tun da na yi gyaran. Ban san abin da ya kai ni ba, amma ranar zamansa na je na tsaya a bakin ƙofa. An sanar da 'yan layin kafin su shiga, kamar yadda aka tsara. A kujerarsa akwai wata mata, ba za ta girme ni ba, an kawo ta a keken marasa lafiya tana haki, mijinta yana riƙe da takalmanta don ba sa shiga ƙafar. Ba ta san kujerar wa ta hau ba. Na tsaya har aka cire mata allura. Da ƙafarta ta fita, a hankali, tana dafa mijin, har tana yi masa mitar ya bar mayafinta ya taɓa ƙasa. Na yi mata murna har cikin raina, Allah ya sani. Amma dattijon da aka rubuta abin dominsa, wanda ya zauna ya fuskanci kujerar Auta, shi ne bai samu ko zama ɗaya ba, kuma ni na hana shi.

Ba na neman ka ce mini na yi daidai, Yaya. Na san in aka mayar da ni zan sake gogewa. Ina so ne kawai wani a gidanmu ya san abin da yaron nan ya yi da hannu ɗaya, tun da yanzu babu inda za a ga abin yana aiki. Inna ban gaya mata ba tukuna, ina jiran ranar da zan iya kai labarin ƙarshe ba tare da na tsaya ba.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi alkawari. Ka gaishe da Mai Sunan Inna da Baban Gida, ka shafa mini kan ƙaramar. Inna tana sa muku albarka, Goggo da Kawu suna gaisuwa. In ka idar da salla ka sa Auta a addu'a kamar kullum, ka haɗa da wani dattijo da ba ka sani ba.

Wassalam.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Maman 'Yar Baba